Awon Tasirin Abinci a Kan Sukarin Jini da Insulin: Ina Iyakar Amincinsa?



Batun da na zaɓa mu tattauna a kai yau ya shafi awo da ma'auni, ya kuma shafi tukunyar kowane gida da ke da mai ciwon sukari. Duk wanda ya taɓa jinyar mai wannan ciwo ya san yadda ake raba masa abinci gida biyu, a ce wannan ya ci, wancan kuwa ko kusa da shi kada ya je. Da can da baki ake wannan rabo, yanzu kuwa har da lambobi. Sai ka ga an buga jadawali an ce farin burodi 75 ne, dafaffiyar shinkafa 73, kunun gero 67, ayaba 51, dabino 42, madara 39. Shi kuwa Bahaushe, kamar kowa, yana girmama lamba, domin a ganinsa abin da aka ƙidaya ya wuce gardama. Saboda haka magidanci yakan hana kansa abincin da ya saba da shi tun yana yaro, ya kashe kuɗin da ba shi da su wajen sayen wani, duk a kan tazarar lamba 5 ko 6. Tambayar da ta kamata mu yi ita ce: daga ina waɗannan lambobi suka fito, kuma wane irin nauyi za su iya ɗauka?

Kafin mu yi nisa, ya kamata mu daidaita kalmomin da za mu yi aiki da su. Lambar da ke nuna yadda wani abinci ke ɗaga sukarin jini zan riƙa kiranta mizanin sukari. Wadda ke nuna yadda yake sa jiki ya fitar da insulin kuwa, mizanin insulin. Idan kuma na ce amincin ma'auni, abu biyu nake nufi. Na farko, in aka maimaita awo a sami abin da aka samu da fari. Na biyu, ya kasance abin da aka ce ana aunawa shi ɗin ake aunawa. Idan mai awo ya auna maka mudu 10 na gero, ka je gida ka sake aunawa da mudun nan nasa ka sami 9, gobe ka sami 11, ai ka san akwai magana, ko a mudun ko a hannun mai awon. To, a wannan fanni da muke magana a kai, mudun da ake awo da shi jikin ɗan Adam ne, mai barci da farkawa, mai gajiya, mai ɓacin rai. Yawancin abin da zan faɗa daga nan ya samo tushe.

Yadda ake awon

Idan mutum ya ci tuwo ko shinkafa ko rogo, yawu da ruwan hanji sukan farfasa sitacin da ke ciki har ya koma wani irin sukari da ake kira gulukos, shi kuwa sai ya ratsa bangon hanji ya shiga jini. Da zarar ya fara yawa, sai wata gaɓa da ke kwance a bayan tumbi, wadda likitoci ke kira fankiriyas, ta saki insulin, watau sinadarin da ke buɗe wa sukari ƙofar shiga tsoka da kitse, ya kuma hana hanta ta ƙaro nata. Ga mai lafiya, sukarin yakan kai ƙololuwa tsakanin rabin sa'a da sa'a guda, sa'an nan ya gangaro kusa da inda ya taso cikin sa'a biyu zuwa uku.

Tun daga shekarar 1950 likitocin Amurka suna ba masu ciwon sukari wani jadawalin musaya, wanda aka gina bisa zaton cewa sitaci duk ɗaya ne, in dai nauyinsa ɗaya ne. A wajajen 1976 da 1977 Phyllis Crapo da abokan aikinta a Jami'ar Stanford suka nuna cewa ba haka abin yake ba, domin dankalin turawa ya fi shinkafa ɗaga sukari ko da an daidaita yawan sitacinsu. Amma wanda ya mai da wannan lura ta zama lamba shi ne David Jenkins, tare da Thomas Wolever da wasunsu, a Jami'ar Toronto ta ƙasar Kanada, cikin 1981, watau a jami'ar da Banting da Best suka fitar da insulin shekara 60 kafin nan. Abinci iri 62 suka gwada.

Ga yadda ake yi. Mutum zai kwana bai ci komai ba har sa'a 10 zuwa 12. Da safe a ɗiga jininsa a auna, sa'an nan a ba shi abincin da ake so a gwada, gwargwadon da zai ƙunshi giram 50 na sitaci da sukarin da hanji ke iya narkarwa. Daga nan sai a riƙa ɗibar jini a minti na 15, da na 30, da na 45, da na 60, da na 90, da na 120. In aka zana sakamakon a takarda, sai ya fito kamar tudu, ya hau ya sauko. Faɗin filin da tudun nan ya rufe, daga layin da sukarin ya taso, shi ake lissafawa. Wata rana dabam sai a ba wannan mutum giram 50 na zallar gulukos a ruwa, a sake zana tudu. A raba filin farko da na biyu, a ninka sau 100. Haka za a yi wa mutum 10 ko fiye, a ɗauki matsakaicinsu, shi ne lambar da kuke gani a jadawali. An shirya cewa 55 zuwa ƙasa ƙaramin mizani ne, 56 zuwa 69 matsakaici, 70 zuwa sama kuwa babba. Hukumar Lafiya ta Duniya da Hukumar Abinci da Noma sun amince da hanyar a taron masana da suka yi a birnin Rum cikin 1997, hukumar daidaita ma'aunai ta duniya, wadda ake kira ISO, ta fitar da ƙa'idojinta a 2010. Jami'ar Sidni ta Ostireliya kuwa, ta hannun Jennie Brand-Miller da abokan aikinta, ita ke tattara sakamakon duniya, ta buga shi a 1995 da 2002 da 2008 da 2021, na ƙarshen nan ɗauke da abinci fiye da 4,000.

Tun a nan akwai ramin da mai kwafar jadawali ke faɗawa. Wasu masu bincike da farin burodi suke gwada sauran abinci maimakon gulukos, su ba burodin 100. Abincin da ya sami 50 a ma'aunin gulukos zai sami kimanin 70 a ma'aunin burodi. In aka kwafo lambar ba a faɗi ma'aunin ba, abinci ɗaya ya tashi daga ƙaramin mizani ya koma babba alhali ko cokali ba a taɓa ba.

Labarin karas ma abin lura ne. A gwajin 1981 an ba shi 92, aka shekara da shekaru ana tsorata masu ciwon sukari da shi. Ashe mutum 5 kacal aka gwada, sakamakonsu kuma ya warwatsu ƙwarai. Da aka sake gwaji daga baya sai lambar ta faɗo ƙasa da 50. Bugu da ƙari, kafin mutum ya sami giram 50 na sukari daga karas sai ya ci fiye da rabin kilo a zama ɗaya, haka ma kankana, wadda aka ba 76. Wannan ne ya sa masu bincike na Jami'ar Harvard suka shigo da wani lissafi a 1997, wanda ke haɗa mizanin da yawan abin da mutum ke ci a zahiri. Gyara ne mai amfani, sai dai duk kuskuren da ke cikin lambar farko yana biyo ta cikin ta biyu.

Abincin da ba ya tsayawa wuri ɗaya

Kalmar "shinkafa" suna ne guda, amma abin da ke ƙarƙashinta ya fi a ƙirga. Sitaci iri biyu ne: akwai mai miƙaƙƙen zare, wanda ke da wuyar narkewa, akwai kuma mai rassa, wanda ke narkewa nan da nan. Shinkafar da ke warwatsewa bayan an dafa, irin su basmati, ta fi yawan na farko, mai danƙo kuwa ta fi yawan na biyu, kuma tazarar da ke tsakaninsu a mizani takan kai 30 ko fiye. Wadda aka turara kafin a sussuke dabam take da wadda ba a turara ba. Wadda aka dafa ta yi wara-wara dabam take da wadda aka tuƙe ta zama tuwo. Ayaba ɗanya kusan duk sitaci ce mai gardama, in ta nuna ta yi ɗigo-ɗigo kuwa ta riga ta koma sukari. Har ila yau, sitacin da aka dafa ya huce ya kwana, wani sashe nasa yakan sake ɗaurewa ya ƙi narkewa a hanji, ko da an sake ɗumama shi. Bisa wannan ƙa'ida, ɗumamen safe da tuwon da aka kwashe daren jiya ba lamba ɗaya za su samu ba, ko da yake tukunya ɗaya ta haife su.

Niƙa kuwa ya cancanci mu ɗan tsaya a kansa, saboda yadda tuwon alkama ya yi suna a garuruwanmu a matsayin abincin masu ciwon sukari. A jadawalin Sidni na 2008, burodin farar fulawa 75 ne, na alkamar da aka niƙa da dusarta kuwa 74. Watau da zarar injin ya mai da ƙwayar ta zama gari mai laushi, dusar da ke ciki ba ta hana sitacin saurin narkewa. Abin da ke rage gudun shi ne ƙwayar ta kasance ba a farfasa ta sosai ba. Shi ya sa sha'ir da aka dafa da ƙwayarsa ya tsaya a 28. Ba ina cewa dusa ba ta da amfani ba ne, tana da shi ta wasu fuskoki, amma wanda ya cika kwano da tuwon alkama yana zaton ya tsira daga hawan sukari, lambobin da ya dogara da su ma ba su ba shi wannan tabbaci ba.

A wannan jadawali dai, cakulan 40 ne, dafaffen dankalin turawa 78. Dalili shi ne maiƙo yana jinkirta fitar abinci daga tumbi. Ina fata babu wanda zai fita daga wannan zaure ya ce an ce cakulan ya fi dankali lafiya.

Mudun da ke numfashi

Yanzu mu zo ga babbar matsalar. A shekarar 2016 Nirupa Matthan da Alice Lichtenstein da abokan aikinsu a Jami'ar Tufts da ke Boston suka buga wani bincike da aka tsara musamman don gwada amincin wannan mizani. Sun ɗauki mutum 63 masu lafiya, suka ba su farin burodi iri ɗaya da ruwan gulukos, kowanne har sau uku, bisa ƙa'idojin da aka shimfiɗa. Matsakaicin da aka samu 62 ne. Amma da aka duba mutum ɗai-ɗai, sai aka ga lambar ta tashi tun daga 35 har zuwa 103. Ga mutum 22 burodin ƙaramin mizani gare shi, ga 23 matsakaici, ga 18 kuwa babba. Saɓanin da ke tsakanin mutum da mutum ya kai kimanin kashi 25 cikin 100. Abin da ya fi wannan ɗaukar hankali shi ne saɓanin da ke tsakanin mutum da kansa, daga wannan rana zuwa waccan, ya kai kimanin kashi 20 cikin 100.

Bari mu yi ɗan lissafi da waɗannan alkaluma, domin a nan ne za a ga girman abin. Warwatsuwar sakamakon mutanen nan daga matsakaicinsu ta kai wajen lamba 15. In da mutum 10 kawai aka gwada, kamar yadda ƙa'ida ta yarda, to bisa dokokin ilmin ƙididdiga lambar da za a buga tana iya kauce wa ta gaskiya da kimanin 10, sama ko ƙasa. Ke nan abincin da aka rubuta masa 60, ainihinsa yana iya zama 50, yana iya zama 70. Ku tuna kuwa gidan tsakiya gaba ɗayansa daga 56 ne zuwa 69. Ashe faɗin kuskuren ya fi faɗin gidan. Kuma wanda ke so ya rage kuskuren nan da rabi, ninka mutanen sau biyu ba zai ishe shi ba, sai ya ninka su sau huɗu, abin da ke cin kuɗi da lokaci.

Me ke sa mutum ya saɓa wa kansa? Abubuwa da yawa. Abin da ya ci da dare yana bin sa har safiya: Wolever da abokansa sun nuna a 1988 cewa wanda ya ci abinci mai jinkirin narkewa da dare, sukarinsa ba ya hawa sosai bayan karin kumallo. Aikin ƙarfi da aka yi jiya yana sa tsoka ta ƙara karɓar sukari yau. Rashin isasshen barci yana yin akasin haka, haka ma zazzaɓi da damuwa. Abinci ɗaya ya fi ɗaga sukari da dare a kan safiya. Saurin ci da yawan tauna suna da nasu rabo, saurin da tumbi ke tura abinci cikin hanji kuwa yana sauyawa ko da ba a san dalili ba.

Adalci ne mu ji ta bakin masu kare mizanin. Wolever ya daɗe yana cewa lambar nan siffar abinci ce, ba a taɓa nufin ta zama hasashen abin da zai faru a jikin wane ranar kaza ba. Ya ce yawancin bambancin da ake gani tsakanin mutane, wannan rawar ta yau da gobe ce, in aka maimaita gwaji sau da yawa sai ya ragu, shi ya sa ƙa'ida ta ce a maimaita gwajin gulukos sau biyu ko uku ga kowane mutum. Ya kuma jagoranci gwajin haɗin gwiwa tsakanin ɗakunan bincike 7 a 2003, da kuma 28 a 2008, inda aka rarraba musu abinci iri ɗaya. Daga cikin abin da aka gano, jinin da aka ɗiga daga yatsa ya fi wanda aka zuƙo daga jijiyar hannu ba da sakamako mai daidaito, domin kafin jini ya iso jijiya tsoka ta riga ta kwashi rabonta. A ganina hujjarsa tana da ƙarfi a iyakar da ya ajiye ta. Matsalar ita ce mai ciwon sukari da ke riƙe da jadawali ba siffar abinci yake nema ba, so yake ya san abin da zai same shi bayan ya ci.

Akwai kuma wata ɓarna da ke faruwa bayan jini ya bar jiki. Jajayen ƙwayoyin jini suna ci gaba da cin sukari a cikin kwalba, kimanin kashi 5 zuwa 7 cikin 100 a kowace sa'a, in ba a sa maganin hana su ba ko aka raba su da ruwan jinin da wuri. Zafi yana ƙara wa abin sauri. Duk wanda zai yi irin wannan bincike a ƙasa mai zafi irin tamu, inda kwalba kan jira wutar lantarki, dole ya sa wannan a lissafi.

Sa'an nan wa ke cin tuwo gaya? Mizanin an gina shi ne a kan abinci guda, shi kaɗai, da sassafe, a kan yunwa. Mu kuwa da miya muke ci, da mai, da nama ko wake, da yauƙin kuɓewa ko kuka. Maiƙo da yauƙi suna rage saurin narkewa, nama da wake suna ƙara fitar insulin. Akwai hanyar lissafa mizanin kwano sukutum daga lambobin abubuwan da ke cikinsa, amma da masu bincike na Jami'ar Otago ta ƙasar New Zealand suka gwada ta a 2011, da abinci uku, na dankali da na shinkafa da na taliya, kowanne da nama da ganye, sai lissafin ya zarce abin da aka auna a jini da kashi 22 zuwa 50 cikin 100.

Mizanin insulin

Idan ƙasar da mizanin sukari ke tsaye a kai tana da laushi, ta insulin ta fi ta. A 1997 Susanne Holt da Brand-Miller da Peter Petocz suka gwada abinci iri 38 a Sidni. A nan ba sitaci aka daidaita ba, ƙarfin da abinci ke bayarwa aka daidaita, kimanin kalori 240 kowanne, farin burodi kuma shi ne 100. Saboda haka kuskure ne a jera lambobin mizanan biyu kafaɗa da kafaɗa kamar da mudu ɗaya aka auna su. Sakamakon ya zo da abin mamaki: naman shanu, wanda ba shi da sitaci ko kaɗan, ya sami 51, kifi 59, taliya kuwa 40. A 2001 masu bincike na Jami'ar Lund ta ƙasar Suwidin suka nuna cewa madara da kindirmo, waɗanda mizaninsu na sukari bai wuce 15 zuwa 30 ba a ma'aunin burodi, mizaninsu na insulin ya kai 90 zuwa 98. Dalili shi ne ba sukari kaɗai ke ta da fankiriyas ba. Sinadaran gina jiki da ke cikin nama da nono suna ta da ita, hanji ma yana aika mata da nasa saƙo tun abinci bai gama narkewa ba. Wanda ya ce zai gane insulin daga kallon sukari kawai, kintace yake yi.

Aunawar kanta tana da wuya ta fuska uku. Fankiriyas ba kwararo insulin take yi kamar famfo ba, tunkuɗo shi take yi bi da bi, kusan kowane minti 5, saboda haka jinin da aka ɗiba yanzu da wanda aka ɗiba bayan minti 3 suna iya saɓawa. Na biyu, insulin yana fara bi ta hanta kafin ya shiga sauran jiki, ita kuwa takan riƙe kimanin rabinsa, kuma rabon nata ba kullum yake ɗaya ba. Abin da ake gani a jinin hannu saura ne. Domin kauce wa wannan, wasu masu bincike sukan auna wani ɗan gutsure da fankiriyas ke fitarwa tare da insulin daidai wa daida, wanda hanta ba ta cika taɓawa ba. Na uku kuwa kayan awon ne. Tun da Rosalyn Yalow da Solomon Berson suka ƙirƙiro hanyar auna insulin a jini wajen 1960, aikin da ya jawo wa Yalow kyautar Nobel a 1977, kamfanoni suka yi ta fitar da nasu. A 2007 wani kwamiti na Ƙungiyar Ciwon Sukari ta Amurka ya ba kayan awo iri 12 jini ɗaya, sai saɓanin da ke tsakaninsu ya tashi daga kashi 12 har zuwa 66 cikin 100. In an yi gwajin abinci da na burodi a ɗaki ɗaya da kayan awo ɗaya, wani sashe na wannan kuskure yakan share kansa wajen rabawa. Amma kwatanta adadin insulin na wannan asibiti da na wancan, sai da hattara ƙwarai. Ko da fashewar jajayen ƙwayoyin jini wajen ɗiba tana rage shi, domin a cikinsu akwai sinadarin da ke lalata insulin.

Bayan duk wannan, akwai tambayar ma'ana. In kifi ya fi taliya ta da insulin, shin kifi ya fi taliya illa ke nan? Lambar ba ta faɗi haka ba, kuma babu likitan da zai ce haka.

Kowa da kiwon da ya karɓe shi?

Da aka ga lamba ɗaya ba ta game kowa, sai aka ce to a auna kowa shi kaɗai. Abin da ya sauƙaƙa wannan shi ne wata ƙaramar na'ura da ake mannawa a dantse ko a ciki, mai ɗan siririn zare da ke shiga ƙarƙashin fata, tana auna sukari dare da rana kowane 'yan mintoci. A 2015 Eran Segal da Eran Elinav na Cibiyar Weizmann ta Isra'ila suka sa wa mutum 800 irin wannan na'ura har mako guda, suka tattara bayanin cin abinci kusan sau 47,000. Sun sami wanda ayaba ke ɗaga masa sukari biskit bai ɗaga ba, da wanda nasa akasin haka ne. A 2020 Sarah Berry da Tim Spector na Kwalejin King's da ke Landan suka buga binciken mutum fiye da 1,000, da yawansu tagwaye, suka ga ko tagwayen da suka fito daga ƙwai ɗaya sukan saɓa wajen amsa abinci ɗaya. Daga nan kasuwa ta buɗe, kamfanoni suka shiga sayar wa masu lafiya na'ura da alkawarin gaya wa kowa abincin da ya dace da jikinsa.

Amma tambayar mudu tana nan ba ta gushe ba. Kafin a ce wane ayaba ba ta karɓe shi ba, sai an tabbata in ya sake cin ayabar mako mai zuwa abin da ya faru zai sake faruwa. Kevin Hall da abokan aikinsa a Cibiyoyin Binciken Lafiya na Amurka sun gwada wannan ga mutanen da aka kwantar a asibitin bincike, inda ake auna duk lomar da suka ci. A 2020 suka ba da rahoton mutum 16 da aka manna wa na'ura biyu lokaci guda, ɗaya ta kamfanin Abbott ɗaya ta Dexcom. Na'urorin biyu, a jiki ɗaya, a kan abinci ɗaya, sau da yawa ba su yarda da juna ba wajen jera wane abinci ya fi wane ɗaga sukari. A 2025 kuma suka buga binciken mutum 30 marasa ciwon sukari da aka ba abinci iri ɗaya sau biyu, mako guda tsakani. Saɓanin da aka samu tsakanin ci na farko da na biyu ya yi kusa da wanda ake samu tsakanin abinci biyu mabambanta. A lura kuma na'urar ba jini take aunawa ba, ruwan da ke tsakanin ƙwayoyin tsoka da fata take aunawa, wanda ke bin bayan jini da 'yan mintoci, kuma in mutum ya kwanta a kanta cikin barci takan nuna sukari ya faɗi alhali bai faɗi ba. Ga mai ciwon sukari da ke allurar insulin, wannan na'ura babbar ni'ima ce, domin tana yi masa gargaɗi kafin sukarinsa ya faɗi ƙasa warwas. Yanke wa abinci hukunci daga ci ɗaya kuwa wani aiki ne dabam, kuma hujjar da ke hannu ba ta nuna ta iya shi ba.

To, a jefar da mizanin ke nan? Ni ban ga haka ba. Inda tazara take da faɗi, kamar tsakanin wake, wanda ire-irensa ke wajen 25 zuwa 35, da farin burodi mai 75, kuskuren lamba 10 ba ya rufe ta, kuma ɗakunan bincike dabam-dabam sun yi ta samun abu ɗaya. Wani nazari da aka buga a 2021, wanda ya tattara gwaje-gwaje 29 a kan masu ciwon sukari, ya nuna cewa bin abinci mai ƙaramin mizani yana rage gwajin nan da ke nuna matsakaicin sukarin wata biyu zuwa uku da kimanin 0.3. Ragi ne na gaske, ko da yake ba mai yawa ba ne. Inda tazarar ta zama tsakanin 62 da 68 kuwa, babu abin da za a gina a kai, yawan abin da aka zuba a kwano ya fi wannan tasiri nesa ba kusa ba.

Shi kuwa mai ƙaramin injin awo na gida, wanda ke so ya san yadda tuwon gidansa ke yi masa, ya auna kafin ya ci, ya sake aunawa bayan sa'a biyu, ya kuma maimaita da kwano ɗaya da miya ɗaya a lokaci ɗaya, a ranaku uku ko huɗu dabam-dabam, ya rubuta, sa'an nan ya kai wa likitansa kafin ya taɓa magani ko ya sauya abinci. Ya kuma wanke hannu ya bushe kafin ya huda yatsa, domin ragowar zaƙin mangwaro ko dabino a fata yana iya ɗaga lambar ƙwarai. Ya san kuma cewa ƙa'idar ISO ta 2013 ta yarda wa injin nan ya kauce da kashi 15 cikin 100 idan sukari ya kai 100 ko ya wuce. Jinin da ainihin sukarinsa 200 ne, injin mai kyau yana iya nuna 170, yana iya nuna 230, kuma duka biyun bai karya doka ba.